Ɗigon Hawa Na Shida

Shekarar kulle, muna zaune a hawa na biyar a unguwar Pantai Dalam, can ƙasar mutanen Malay, aka ɗauke ruwan famfo. Wai wani abu aka zuba a kogi. Motar ruwa tana zuwa, amma sai ka sha layi da takunkumi a fuska kafin ka samu bokiti biyu, ga ni da goyo da tulin wanki.

Ɗaliban da ke samanmu ba sa kashe na'urar sanyaya ɗaki, ruwanta yana ɗiga ta gefen barandarmu. Ni kuwa ban iya ganin ruwa yana zuba a banza ba. Na yanke gorar roba, na ɗaure a bakin sanda, na tare ɗigon. Kafin la'asar baho ya yi rabi.

"Baban yara, zo ka ga ruwan da na ceto!"

Ya leƙa ƙasa. "Kin ceto ko kin tare? Da a ina yake sauka?"

"Ƙasa mana. Asara."

"Leƙa dai, Hajiya mai kogi."

Na leƙa. Tukwanen barkono ne a barandar hawa na huɗu, an jera su daidai inda ɗigon ke faɗawa. Na makcik ne, tsohuwar da ke ƙasanmu, wadda ta hawo mini da miyar kaza lokacin da na haihu. Duk ginin nan ita kaɗai gare ni.

Amma ban cire gorar ba. Na ce ai dabarata ce, kuma ba na'urarta ba ce.

Rana ta uku aka ƙwanƙwasa. Ita ce, ta tsaya nesa da ƙofa, riƙe da ganye a yanƙwane. Na ce shi ke nan, na yi wa kaina. Malay ɗina bai wuce na cefane ba. Na ruga na ɗauko kwanon ruwan da na wanke shinkafa, fari tas, na nuna mata, na nuna igiyar shanya, na yi alamar zurawa ƙasa.

Ta daɗe tana kallon kwanon.

"Boleh lah," in ji ta, wato ya yi. Idanunta suka ƙanƙance, na san dariya take a bayan takunkumi.

Washegari na zura mata ɗan bokiti ta baranda. Ta juye a tukwane, ta ɗaga kai ta ƙwala wata kalma.

"Me ta ce, Baban yara?"

"Wai ki ƙaro."

Ranar har da dare shinkafa muka ci.