Irin Baba a Tashar Mayahi

Asuba ta fari muka bar Tasawa, ni da wani abokin aikina na lakkol, wato makaranta, a bayan wata tsohuwar kamyo, motar kaya mai tari kamar ta sha taba. Guzurina duka dami guda ne na zangarniyar gero, na naɗe shi cikin buhu. Iri ne. Yunwar bana ta sa Baba ya cinye nasa, ga ruwan farko ya sauka a ƙauyenmu kusa da garin Sarkin Hausa, in ƙasa ta bushe kafin in isa shi ke nan.

Hanya yashi ce, mu tura mota, mota ta tura mu. Gefe gawarwakin shanu ne, rumbuna a buɗe. A shinge jandarmomi suka leƙa buhun suka ce mu wuce.

Tashar Mayahi ba wani gini gare ta ba, rumfuna ne da babban gawo. Sarkin tasha, wani dattijo mai gurguwar ƙafa, ya ce da can zangon raƙuma ne, daga baya motocin gyaɗa suka gaje shi. Wai tun zamanin Nasara ake musu alkawarin jirgin ƙasa, har yau ko usur ɗinsa ba su ji ba. Amma aikin da wurin nan ke yi! Nan ake aika saƙo, nan ake cigiyar wanda ya ɓata, akwai randar ruwa kyauta, mai ƙosai kuwa ta koma sayar da dafaffen zogale, kuma ya yi daɗi. Bana kuma tashar ta zama gidan masu gudun yunwa daga arewa, mata da yara kwance ko'ina.

Nan mota ta sauke mu. Da aka sami amalanke mai zuwa wajen ƙauyenmu aka yi ta rububi. Sai da muka yi nisa na laluba, babu buhu. Abokina ya ɗauka yana wurina, ni na ɗauka yana wurinsa. Na sauka na komo a ƙasa, ina ta raya cewa gero tsakanin mayunwata ai tuni ya shiga turmi, kuma wallahi ban ga laifinsu ba.

Na tarar da shi rataye a reshen gawo, wata tsohuwa zaune ƙarƙashi da kara tana korar awaki.

"Malam, ga wadda ta tsare maka," in ji sarkin tasha. "Ita ta buɗe, ta ce a rataye shi."

Na ce, "Inna, kin ko ci abinci yau?"

"Ɗana, mi za a ci? Amma wanga zaɓaɓɓen kai ne, iri ne. Wa ka daka iri? Mu mun ci namu, shi ya sa ka gan mu nan."

Kunya ta kama ni, hawaye ya zo mini. Na zaro zangarniya na miƙa mata. Ba ta murza ta kai baki ba, ƙulle ta ta yi a bakin zane.

Washegari muka yi shuka da Baba, ƙasa da sauran danshi. Na dawo Tasawa ƙafafu a kumbure, na kuma daina raina ƙaramar tasha. Da na biyo ta Mayahi na tambayi tsohuwar, sarkin tasha ya ce ta ji an yi ruwa a garinsu, ta kama hanya.