Ranar da Haka-Ne Ya Sa Tabarau

Faɗan farko da aka san mai askin nan ya taɓa yi a duniya da matarsa ya yi shi, kuma ko zufa ba ta yi ba ta kayar da shi. Ranar ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai kamar wanda aka ba kyautar jirgin sama, ya tsaya a gaban keken ɗinkinta, ya ce an saka shi cikin kwamitin makarantun gunduma, shi ne wakilin iyaye. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ciji zare ta tofar, ta ce, "Baban yara, ba mutum suke nema ba. Hannu suke nema, wanda in an ce ɗagu zai ɗagu."

Gogan naka ya fusata. Ya ce shi mutum ne mai ra'ayi, tun da aka haife shi ba a taɓa juya shi ba. Ya buga ƙafa har almakashi ya faɗo daga kan tebur.

Ta ce, "To yi haƙuri. Gaskiya kai ba ka bin maganar kowa."

"Haka ne."

"Sai dai in an lallaɓa ka."

"Haka ne."

Sai da maganar ta fita sannan ya ji ta. Maƙwabciyar da ta kawo ɗinki ta yi dariya har ta zauna a kan allura. Kafin rana ta faɗi sunan Haka-Ne ya zaga layin, har yau kuwa in ka nemi shagonsa da sunansa na gaskiya, yini za ka yi kana yawo.

Laifin ba nasa ba ne duka. Shagon askin na gado ne: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun zamanin ubansa, da madubi mai tabo daidai inda hancin mutum ke faɗawa. Tsohon ya koya masa cewa ba a musu da kan da ake askewa. Wani ya zauna ya ce gari ya lalace, haka ne. Ya tashi, wani ya zauna ya ce gari bai taɓa daɗi irin na bana ba, haka ne. A faɗin duniya shi kaɗai ne ke riƙe da aska a maƙogwaron mutum amma shi ne ke jin tsoro. Da idonsa ya fara rauni ya sayi tabarau, yana sawa a shago don kada ya cire wa wani kunne. In zai shiga taro kuwa sai ya cusa shi aljihu, wai yana tsufar da shi. Mutumin da furfura ta cinye har gira!

Gundumar ƙarama ce, makarantun firamare uku ne kacal: ta bayan kasuwa, ta kusa da asibiti, sai ta bakin gada wadda rufinta ke yoyo. Kwamitin na zama a wani ɗaki mai dogon tebur da fanka mai kukan tsohuwa. A cikin kabad ɗin gilashi akwai kofin da aka ba su na gundumar da ta fi ƙoƙari, ana goge shi fiye da yadda ake goge allon aji. Ciyaman mai kantin magani ne, mai taushin murya, ko zagin ka zai yi sai ka ɗauka yana gaya maka sau nawa za ka sha a rana. In ya gama bayani ya ce, "Masu goyon baya," hannun mai aski ya riga kowa isa sama. Ranar da aka ce makarantar kasuwa ta cika, sababbin yara sai bakin gada, shi ya fara ɗagawa. Sai da ya dawo gida matarsa ta tuna masa cewa Autarsa na cikin sababbin. Da haka 'ya'yansa biyu suka rabu, babbar, wato Yaya, a kasuwa, Auta a gada.

Bai damu ba, don sakamakon Auta kullum mai kyau ne, kamar na duk yaran gundumar. In yana gida takan buɗe littafi ta yi ta motsa leɓe, shi kuma ya je shago ya cika wa mutane kunne: 'ya'yansa biyu likitoci ne, ƙaramar ma ta fi babbar. Uwar ce kawai ke mita, rigar makarantar Auta ta ishe ta da yagewa a hammata.

"Ke wai dambe kike yi a makarantar nan?"

Auta ta sunkuyar da kai. Yaya ta kama kallon silin kamar yau ta fara ganinsa.

Ana nan sai labari ya zo daga ma'aikatar ilimi: akwai malama guda, gwanar koya wa yaran da aka bari a baya karatu, za a ba gundumar da ke bukata. Mai duba makarantu za ta zo ta gani da idonta. Ciyaman ya dubi kofin, ya yi murmushi, ya ce magani ai marar lafiya ake ba, su kuwa lafiyarsu ƙalau. Masu goyon baya? Kun san hannun da ya fara tashi.

Ranar ziyara mai aski ya sha guga. Mai dubawar wata doguwar mace ce marar yawan magana, da jaka a kafaɗa. A makarantar kasuwa, da yake tabarau na aljihu, ya yi tuntuɓe da tukunyar fulawa a ƙofar aji ya ɓantare mata baki. Ya lallaɓa bencin baya ya zauna, ya ji 'yarsa Yaya ta zuba karatu kamar an buɗe famfo, ya tafa, ya ɗan runtsa. Daga nan Ciyaman ya ce baƙuwa ba za ta wuce ba ta sha shayi ba. Aka sha, aka yi jawabi, aka ƙara sha. A makarantar asibiti barci ya sake ɗibarsa, cikin barcin ya ji wata yarinya tana karatu, ya ce a ransa yaran yanzu duk muryarsu iri ɗaya ce. Aka sake shan shayi. Shi dai bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa kwamitinsu ke jin ƙishirwa tsakanin kowace makaranta da 'yar'uwarta ba.

A bakin gada ne ya ce yau kam tsufa ya yi abin da zai yi, sai ya ga Autarsa tana burge baƙuwa. Ya zaro tabarau ya maƙala.

Abu na farko da ya gani, tukunyar fulawa a ƙofar aji, da ɓantararren baki. Ya dube ta, ya dubi yatsan ƙafarsa da ke masa zogi har yanzu. Ya ce ikon Allah, tukwane ma ana yin su tagwaye.

Suka shiga. Malamin aji ya gyara murya ya ce, "'Yar mai aski, tashi ki karanta wa baƙuwarmu." Mai aski ya miƙe wuya. Yarinya ta tashi daga kujerar Auta, cikin rigar Auta, har da tabon tawadar da ya sani a aljihun. Sai dai rigar ta ɗame ta kamar an naɗe tsumma a rauni, kuma yarinyar ta fi Auta tsawo da kai guda. Ta ɗaga littafi. A cikin shirun ajin kowa ya ji hammatar rigar ta ce ɓarrr.

Yaya ce.

Bakinsa ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, Yaya ce dai. Ya dubi layin gaba, ga ɗan mai gyaran babur, ga 'yar direban asibiti, duk 'yan ajin Yaya, sun zauna cikin riguna na aro suna ɗaga hannu. Ashe yayin da manya ke hura shayi, mota ce ke kwasar yaran nan da tukunyar fulawa ta riga su gaba. Yaya ta haɗa ido da ubanta, ta ci gaba da karatu hawaye na ɗiga kan takarda.

Bai san lokacin da ya fita ba. A ƙarshen baranda ya ji tari daga sito, inda ake jibge karyayyun bencina. Ƙofar da kwaɗo. Ya leƙa ta taga. Yara ne cike, sun yi tsit a cikin zafi, wasu a ƙasa, wasu a kan tarkace. Auta na tsakiya, ta nutse cikin rigar yayarta, hannun rigar ya wuce yatsunta.

"Baba, yi a hankali," ta ce da raɗa. "An ce wanda ya yi surutu ba shi da alewa."

"Me kike yi a nan, uwata?"

"Nan ne wurinmu in an yi baƙi. Mu ne waɗanda ba su iya ba."

"Ba su iya me ba?"

Ta dube shi kamar shi ne yaron. Ya nuna mata wani kwali a kusurwa, an rubuta ALLI da manyan baƙaƙe, ya ce ta karanta masa. Ta ƙura ido, ta motsa leɓe irin yadda take yi a gida, ta ce, "Biskit?"

Shekara uku tana zuwa makaranta. Shekara uku yana ɗaga hannu.

Ciyaman ya biyo shi da sauri, ya kama masa gwiwar hannu, muryar nan kamar zuma. "Malam, kwantar da hankalinka. Kai ɗan kwamiti ne, ka san yadda abin yake. In aka ce makarantunmu sun gaza, masu hali za su kwashe 'ya'yansu su kai na kuɗi, a bar mu da kango. Don yaran muke yi. Baƙuwa ta tafi, mu zauna mu gyara a tsakaninmu."

Leɓen mai aski ya motsa. Kalmar nan tasa ta taso har bakin haƙori, don hanyar ta saba. Ya haɗiye ta da ƙyar kamar ƙwayar magani ba ruwa. Ya ce a ba shi mabuɗi. Hedimasta ya iso yana share zufa, ya ce mabuɗi na wurin maigadi, maigadi ya tafi kai matarsa asibiti. Mabuɗin kuwa na leƙowa daga aljihun rigarsa. Murya ta fara tashi, malamai suka firfito, sai ga mai dubawa a bayansu da jakarta.

"Lafiya? Wannan ba shi ne mahaifin yarinyar da ta yi karatu ba?"

Ciyaman ya yi dariya, ya ce shi ne, murna ce ta yi masa yawa. Da ya ga mai aski bai yi dariya ba, sai ya juyo ya tsare shi da ido, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya san mutuminsa, ya san maɓallin da ake dannawa.

"Malam, tsakani da Allah, a gaban baƙuwa. An ce 'yar mai aski ta tashi. Wadda ta tashi ba 'yarka ba ce? Ba ita ta yi karatun nan ba? To ina ƙaryar take? Ba haka ba ne?"

Bari in gaya muku ƙarshen tun yanzu, don kada hawan jininku ya tashi. Kofin nan ya bar kabad, har yau da'irar ƙurarsa na nan. Malamar karatu ta zo bakin gada da sabon zangon karatu ya kewayo, Auta yanzu ba allon shagon da za ta wuce ba ta karanta shi da ƙarfi ba, har ta gano cewa na ubanta an rubuta shi da kuskure. An sauke mai aski daga kwamiti, wai don lafiyarsa. Matarsa ta ce hannun ya huta. Duk wannan kuwa daga amsar da ya bayar a barandar nan ne, ya gyara zaman tabarau, ya dubi Ciyaman cikin ladabi irin na shago.

"Haka ne, ranka ya daɗe, 'yata ce. Sai dai ni biyu na haifa. Buɗe sito a ba ɗayar littafin."