Rigar Tele

Da jin ƙarar gurmi na san na shiga uku. Ina tsaye a kan benci a filin ƙwallon Damagaram, ranar wasan ƙarshe, an busa usur na hutun rabin lokaci, wanda mu muke cewa mitan. Mu 'yan lise, wato sakandare, ba ƙwallo ta kawo mu ba. Wani matashin mawaƙi muka zo gani, mai waƙar nan ta sauri da ke cikin salular kowa. Sai ga wani tsoho ya riga shi fitowa tsakiyar fili, da 'yar shara, da gurmi a ƙirji. Fili ya ɗauki sowa. Ni kuwa na ce a raina, shi ke nan, yau Baba ba zai rufe tele ba.

Dole in yi bayanin rufe tele. Babanmu baduku ne a Birni, kuma da hannunsa ya ɗinka wa telenmu riga da guntayen fata, ja da kore, har da tuntu a gefe. Yana son ƙwallo kamar me. Amma da an busa mitan, mawaƙa sun fito, sai ya miƙe ya rage murya, ya sa wa tele rigarta, ya tafi alwala. Ba ya kashe ta, wai kada ta yi nauyin tashi a ci ƙwallo ba ya nan. A ganinsa an yi hutun nan ne don 'yan wasa su sha ruwa, masu kallo su yi la'asar.

Yakan ce, “Mutum ya yi gudun minti arba'in da biyar, maimakon a bar shi ya huta, sai a kawo masa wani mai wando a gwiwa yana masa ihu a ka.”

Na taɓa ce masa, “To Baba, kokowa fa? Ai da kiɗa ake yi.”

“Wannan daban. Makaɗin kokowa ɗan kokowa yake wa kiɗa. Naku wa yake wa?”

“Mu.”

“Ku ne kuka yi gudun?”

Kaka, wato mahaifiyarsa, ita nata ra'ayin daban ne. Ba ta ƙi kiɗa ba, mawaƙanmu ta raina. Ta ce duk wanda zai yi waƙa bai ambaci kakan kowa ba, surutu yake yi. In an rufe tele sai ta ce da ni, “Ke 'yar lakkwal, ɗaga gefen in ga ko yaron nan ya samu ɗinkin wandonsa.” Lakkwal ita ce makarantar boko a bakinmu.

To da wannan riga na dogara. Baba ya yi mini alkawari in na ci bak, jarrabawar gama sakandare, zai bar ni in tafi Yamai wurin Goggo in koyi aikin ungozoma. Sharaɗinsa ɗaya: kada ya ji, kada ya ga wani abin kunya daga gare ni. Ranar kuwa na ce masa bita zan tafi gidan ƙawata. Na san ana nuna wasan a tele, amma na yi lissafi: lokacin ƙwallo kamera na kan 'yan wasa, lokacin waƙa tele na cikin riga. Na ari tsohon mayafin Kaka mai ruwan ɗorawa, ban tambaya ba, na ja shi har kan hanci. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne masu shirya wasa za su tuna da tsofaffi.

Tsohon ya yi kamar minti uku shi kaɗai, sannan matashin ya shigo da gudu suka haɗa. Gaskiya abin ya yi daɗi, kuma nan ne na yi wautar. Tsoron da ya kama ni bai hana kafaɗata ba. Ina da wata ɗabi'a, in kiɗa ya shige ni kafaɗar hagu ce take fara tafiya ita kaɗai. Ina cikin haka ƙawata ta finciki hannuna.

“Ke, kamera!”

Na juya. Ga mutumin nan da ita a kafaɗa, bakinta na kallona kamar bakin rijiya. Ban san tsawon lokacin da ta yi a kaina ba. Na durƙushe tsakanin ƙafafun mutane, ban sake tashi ba har aka koma wasa. Ban ma san wa ya ci kofin ba sai da aka faɗa mini.

Na isa gida kafin magariba, da littafin lissafi a hannu kamar mutuniyar kirki. Baba na zaune a zaure yana goge wata jaka. Na gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba. Babanmu da kullum sai ya tambaye ni abin da aka yi bitarsa, ranar ko uffan. Kaka kuwa tana tsakar gida a kan tabarma tana tsinke zogale.

“Sannu da karatu,” in ji ta. “An sha bita?”

“An sha, Kaka.”

“Da gani. Har kin yi gumi. Wane darasi ne mai sa mutum gumi haka?”

Na ce zafi ne. Ta ce ai kuwa, bana zafin har a kafaɗa yake kama mutane. Na shige ɗaki, na cusa mayafin ƙarƙashin katifa.

Kwana biyu na yi a haka. Ko tuwon kirki ban ci ba. In Baba ya yi gyaran murya sai in ji kamar sunana zai kira. Shi kuwa ya daina zama a tsakar gida gaba ɗaya, daga zaure sai masallaci, in ya zo wucewa ta gaban Kaka sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Na ce lallai abin ya kai inda ba ya son ko haɗa ido da kowa. Na fara shirya yadda zan gaya wa Goggo ba na zuwa. Na ma ɗauko takardun makarantar ungozoma na duba su, na mai da su can ƙasan akwati.

Kaka ba ta taimaka ba. In na zo wucewa sai ta kama wani ɗan amo a hanci, amon gurmin nan sak. Da na kawo mata kunu ta ce, “Riƙe da hannun dama, na hagun nan ba shi da natsuwa.” Da safe ta tambayi duk gidan ko an ga mayafinta mai ruwan ɗorawa, wanda turaren wuta ya ƙona wa gefe, tana tambayar tana kallona.

Rana ta uku bayan la'asar na kasa. Na ɗauko mayafin, na ninke, na je ɗakinta na durƙusa na ajiye a gabanta. Kuka ya zo mini kafin magana.

“Kaka, don Allah ki gaya mini. Ya ce na fasa Yamai?”

Ta warware mayafin, ta shinshina, ta ce yana warin filin ƙwallo. Sannan ta ce in share hanci in zauna, ta gaji da ganina kamar kazar da aka jiƙa.

Ga yadda aka yi. Da aka busa mitan Baba ya miƙe kamar kullum, riga a hannu. Ya kai gaban tele ke nan gurmi ya tashi. Ashe kiɗan wani ɗan kokowa ne da Baba ya bi yana saurayi, har Takieta ya taɓa zuwa a ƙafa don ya ga kamunsa. Sai ya tsaya. Ya juyo yana gaya wa Kaka, “Inna, kin tuna wannan?” Bai ƙarasa ba kafaɗa ta tafi. Ya ba tele baya, rigar fata a hannu yana kaɗa ta kamar gora, mutum mai furfura, yana taka rawa a gaban uwarsa.

“Ina zaune,” in ji Kaka, “ga ɗana a gabana, ga mayafina a bayansa cikin tele. Kafaɗar hagu nan, kafaɗar hagu can. Na ce ikon Allah, ashe abin a jini yake. Kuma daga wurina kuka samo, don ni a dandali ba a kai ni ba.”

“Bai juya ba?”

“Da zai juya na ce masa, Malam, alwalar fa? Sai ya tuna ko shi wane ne. Ya jefa wa tele riga a karkace ya fita, ko buta bai ɗauka ba.”

“To shirun da yake yi?”

“Kunyata yake ji, ke kuma kin ɗauka da ke ake. Kwana uku ina da mutum biyu a gidan nan masu gudun idona, na huta da surutu.”

Na tambaye ta maƙwabta fa. Ta ce wa zai gane ni, fuska rufe har hanci? Ita ma ƙunar turaren ta gani. Amma ta ce bitar ƙarya ta ƙare daga ranar, in kuwa ta sake ji, da bakinta za ta faɗa masa. Na ce na yarda. Har yanzu ma in na ji gurmi a rediyo sai gabana ya faɗi.

Muna nan aka yi sallama, Baba ne ya dawo daga masallaci zai wuce. Kaka ta ɗaga murya.

“Malam, an jima akwai wasa. In mawaƙa sun fito a bar mana tele a buɗe, ko za a rufe?”

Daga bayan labule ya ce, “Yadda kika ce, Inna.” Muka ji takunsa ya yi zaure da sauri.

Kaka ta miƙo mini mayafin. “Wanke shi. Bai gan ki ba, 'yar nan, Yamai tana nan. Je ki ci abinci.”