Ranar da na kama hannun surukina

Jiya na ga kumfar sabulu a bakin tiyon wanki, sai surukina, Allah ya jiƙan rai, ya faɗo mini a rai. Mai gyaran firigo ne a unguwar Yantala, kuma ba ya kunna shalimo, wato abin hura wutar walda, sai ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyon gas. In kumfa ta taso, gas na fita ke nan.

Farkon samun mulkin kai ne, ban daɗe da auren 'yarsa ba, muka je unguwar Plateau liƙe bututun jan ƙarfe na wani firigo. Lokacin ko ido ba na haɗawa da shi. Ya buɗe tagogi, ya ɗaure tiyo, ya shafa sabulu. Idonsa ya fara rauni, bai ga kumfar da ke kumbura ba. Ni na gani, har warin gas ɗin na ji kamar tafarnuwa, amma bakina ya yi nauyi. Yaya zan ce wa suruki ɗaurinsa bai yi ba?

Da ya zaro ashana, sai na cafke hannunsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Baba, a gafarce ni," na ce, ina nuna kumfar.

Ya duƙa ya duba, ya rufe gas. A hankali ya ce, "A gaban wuta babu surukuta. Gobe da baki za ka faɗa, tun da wuri."

Har yau ina jin kaushin hannun nan a tafina, kunyar kuma ba ta sake ni ba. Allah ya nisanta shi da wuta, ya sanyaya makwancinsa.