Yadda Ragon Ɗalibaina Ya Tsaya a Hanyar Maigatari

Mun tashi daga Gumel ana idar da sallar asuba, ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Ni ne malamin noma, ga direban makaranta, ga ɗalibaina 'yan ƙungiyar samarin manoma, sai kuma mai gayya, wato rago. Nunin amfanin gona za mu a Maigatari. Ragon nan tun yana ɗan tsurut, bayan farin da aka yi, yaran suka fara kiwonsa. Kullum kafin ƙararrawar safe sai sun share masa makwanci. Da yamma 'yan'uwansu na filin ƙwallo, su suna yawon neman harawa, har ƙanzon kicin ɗin makaranta suke jiƙa masa da dusa. Ya zama ƙato, fari fat, da ƙyar muka cicciɓa shi bayan a-kori-kura. Makarantarmu ba ta taɓa cin komai a wannan gasa ba, bana kuwa kowa ya sa rai.

Hanya dai ba sai na faɗa ba, gargada da yashi, direba kuma yana sheƙa gudu kamar buhunan gyaɗa ya ɗauko. Muka tsaya karyawa wurin wata mai koko da ƙosai wadda har yau da sule da sisi take ciniki, ta ce ita naira ba ta zo garinsu ba tukuna. Ƙosan dai ya yi daɗi, shi ne abu na ƙarshe da ya yi mini daɗi a ranar.

A nan shugaban ƙungiyar, yaro mai shiru-shiru wanda ya fi kowa wahala da ragon, ya roƙe ni mu ratse ƙauyensu, wai nan kusa ne. Kakansa ne dagaci, kuma kullum tsohon faɗi yake ba abin da boko ke koya wa yaro sai gajeren wando da raina fartanya. Yaron so yake tsohon ya gani da idonsa. Na ce to, amma a tsaitsaye. Allah ya raba ku da "nan kusa" na mutumin ƙauye. Sai da muka kafe a yashi muka tura mota, rago na sama yana kallonmu.

Mun tarar da tsohon a ƙofar zaure bisa buzu, dattawa kewaye da shi. Yara suka sauke rago, jikan ya jawo shi yana taƙama. Da zai tuɓe takalmi ya durƙusa, sai ya miƙa igiyar ga wani mutum da ke tsaye a gefe, don kawai ya riƙe masa. Mutumin nan ko tambaya babu, ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ga gaisuwa daga makaranta."

Tsoho ya miƙe, ya shafa bayan rago, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, sannan ya dubi jikansa.

"Kai ɗan boko, wa ya yi wannan kiwo?"

"Mu ne, Kaka."

"Ashe ana abin kirki a can," in ji shi. Ya ɗaga hannu ya yi ta sa wa makaranta albarka, jama'a na amin. Muryar direbana ta fi ta kowa, shi da ya san inda za mu.

Na yi ta maza na ce, "Ranka ya daɗe, ai ragon nan..." Sai na ji an ja gefen rigata. Yaron ne, idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, don Allah." To, ya zan yi? In karɓe kyautar da aka shafa wa fatiha a gaban talakawan mutum? Na ƙarasa da cewa ragon ba ya cin dusa sai an jiƙa. Aka kawo fura da nono, na sha don dole, raina a ɓace.

Mun isa Maigatari kasuwa ta cika maƙil, raƙuma da shanu da buhunan kanwa, mutanen Damagaram na ta kiran mota kamyo. Muka baje abin da ya rage mana, wake da gyaɗa. Gyaɗarmu ta zo ta biyu, aka ba yara takardar yabo, ba wanda ya yi ko murmushi. Ragon da ya zo na ɗaya kuwa, wallahi da an jera shi da namu sai a ce namu ne ubansa. Takaici ya hana ni ko kallon kilishi. A hanyar dawowa ba wanda ya yi wa yaron magana, wasu har rantsuwa suke sai sun tuɓe shi daga shugabanci.

Da la'asar muka shigo makaranta, ɗalibai sun yi dafifi a bakin ƙofa za su yi tafi, suka ga mota wayam ba rago. Na kwashe labari na gaya wa shugaban makaranta. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma ka ce amin?" Na ce na ce. Ya juya ya shige ofis.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, in ka ɗauko dabba za ka kai ta gasa, kada ka bi ta ƙofar babba, in kuwa ka bi, igiya ta zauna a hannunka. Na kuma gane ba alƙalan gasar Maigatari yaron nan yake yi wa kiwo ba tun farko.

Jiya wani ya iso makaranta da tukwici daga dagaci, 'yar tunkiya ramammiya, haƙarƙari duk a waje. Saƙon da ya biyo ta shi ne a mai da ita kamar wancan, baɗi a kawo masa ya gani. Yaran da suka yi rantsuwa kuwa, yanzu haka suna bayan kicin tare da shugaban nasu, suna gardamar wanda zai fara yi mata wanka.