Yaya da Jar Goɗiya

A bargar ƙanensa Yaya yake aiki, a can kuma yake kwana, cikin ɗakin ajiye sirdi. Ƙanen dillalin dawaki ne, yakan sayo mai aibu da araha, a gyara, ya sayar. Yaya ne mai gyaran. Tun yana saurayi wani ingarma ya kayar da shi ya karya masa ƙugu, shi ya sa yake jan ƙafa. Ma'aikatan barga suna kiransa Sai-Gobe, wai kafin ya kai bakin ƙofa gari ya waye. Ƙanen ne ya raɗa masa sunan.

Wata shekara aka kawo jar goɗiya mai tabon bulala a cinya. Cikin 'yan'uwanta lafiya lau take tafiya. Amma a fitar da ita ita kaɗai, sai ta kafe a bakin ƙofa, jiki na ɓari, tana waiwayen barga. Ko leda iska ta ɗaga, sai ta zabura ta yi tutsu.

"Ka sa mata ƙaimi mana, Yaya," in ji ƙanen. "Ko kai ma ledar kake tsoro?"

Yaya ya sauke sirdi, ya ja ta da ragama zuwa bakin ƙofa, ta ci ciyawa, suka dawo. Bayan kwanaki suka kai tankin ruwa. Kullum yakan juyo da ita tun tsoro bai kama ta ba. Da ya fara hawa, sai ya sassauta linzami, yana shafa wuyanta yana mata hira ƙasa-ƙasa. Ma'aikata suka ce Sai-Gobe ya yi amarya. A hankali ta wuce shagon mai walda, ta haye gada, har ran nan ta tsaya a bakin titi motoci na wucewa, ko gezau. Ranar aka ga haƙoran Yaya.

Labari ya kai kunnen wani mai dakon bulo da keken doki, wanda dama yake neman dabbar da ba ta tsoron mota. Ya zo ya saya. Amma da ya ja ta, sai ta kafe. Ya zabga mata bulala, ta ƙi.

"Yaya, kai take ji. Raka ta," in ji ƙanen.

"Dubi ƙafafunta, sirara ne. Ba ta jan kaya ba ce."

"Bargar nan taka ce ko tawa?"

Yaya ya karɓi ragama. Ta bi shi, hancinta a kafaɗarsa, har gidan bulo. Da hannunsa ya ɗaure ta a turke. Da ya juya ta fara haniniya, shi kuwa ba shi da ƙafar sauri, ya daɗe yana ji.

Bayan damina ya gamu da ita a titi, ƙirji duk gyambo, haƙarƙari a waje. Ya yi mata magana, ba ta ɗaga kai ba.

"Baba, ka iya aiki!" mai keken ya ɗaga masa bulala yana dariya. "In ta mutu, wajenku zan dawo."

Da Yaya ya koma barga, ya tarar an kawo wani baƙin doki yana rawar jiki a turke. Ƙanen ya ce a gama da wannan da wuri, akwai mai so.