Kiryar da Nake Kai Inna

Yayata ta rasu ko yaye ta ba a yi ba, tun kafin a haife ni. A tsohon ƙauyenmu aka binne ta, gindin wata bishiyar kirya. Da ruwan dam ɗin Tiga ya ci ƙauyen aka tashe mu, kan kiryar ne kaɗai ya rage a fili, busasshe ƙayau.

Mu Kiristoci ne, muna cewa matattu barci suke yi har ranar da za a busa ƙaho su tashi. Inna ta gaskata wannan sarai. Abu ɗaya ke damunta: jaririyar da ko rarrafe ba ta iya ba, in ta farka a ƙarƙashin ruwa, wa zai ɗauko ta? Fasto ya ce mata ruwa ma zai mayar da nasa matattun. Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe, amma dai ni ce uwar."

Don haka duk Ista, bayan sujada, nakan saka ta a kwalekwalena mu je, don kada ta manta hanya. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, 'yar fari ce. Hannu kawai take tsomawa a ruwa.

Wata damina kiryar ta faɗi. Idon Inna kuwa ya riga ya yi rauni. Da Ista ta zagayo muka je, ni da gajen haƙuri, ga zafin rana, ga kifi na jira, na yi zagaye biyu ban gane wurin ba, sai na tsaya gindin wani kututture can daban na ce, "Ga mu, Inna." Ta tsoma hannu. Wallahi shekara shida ina kai ta wurin nan, kunya ta hana ni faɗa.

Ranar da za ta cika ta kamo hannuna ta ce, "Auta, Allah ya yi maka albarka. Ranar nan ba sai na jira ka ba, na riƙe hanya."

Har ta cika ban faɗa mata gaskiya ba.

Na sani Almasihu ba ya ɓatan hanya, na sha faɗa wa kaina. Duk da haka ina ganin tsohuwar nan tsaye cikin ruwa, tana lalube inda babu kowa, kuma ni na kai ta. Har yau in tarun da na jefa ya maƙale a ƙasan ruwan nan, ba na fizga da ƙarfi.